Tsaron Wa Ake Nufi?

'Yan'uwa, akwai wata kalma wadda in mai mulki ya faɗe ta sai kowa ya kama bakinsa. Kalmar nan ita ce tsaro. Wasu manya suna cewa maganar tsaro ta soja ce da gwamnati, babu ruwan talaka, malaman jami'a masu tone-tonenta kuwa aikin yi ne suka rasa. Mu ba mu yarda ba.

Ku ji abin da malaman nan suka faɗa. A da, in an zauna karatun tsaro a jami'o'in Amurka da Ingila, sai a yi ta ƙidayar jirage da bama-bamai, ana auna ƙarfin Amurka da na Rasha. A 1991 wani malami a Birtaniya, Ken Booth, ya ce mutum ne ya kamata a tsare, gwamnati kayan aiki ce kurum. Wanda yunwa da jahilci da zalunci suka ɗaure, in ji shi, ba ya cikin tsaro ko da iyakar ƙasarsa cike take da soja. A 1994 wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa abinci da lafiya da abin sana'a cikin lissafin tsaro.

Amma maganar da ta fi shafarmu daga Kopanhagen ta fito, a ƙasar Danmak. Ole Wæver da Barry Buzan da Jaap de Wilde suka bayyana ta cikin littafinsu na 1998. Suka ce mai mulki yakan nuna abu da yatsa, ya ce wannan zai hallaka mu. In jama'a suka amsa masa, to ya sami izinin tsallake doka: ya kama, ya rufe, ya hana, ba mai tambaya. Ashe kiran abu haɗari shi kansa makami ne.

Wa zai koya wa mutanen ƙasar nan wannan karatu? Sojan Voulet da Chanoine sun ƙone Birnin Konni a 1899, Nasara kuwa ya kira irin wannan aiki kwantar da ƙasa. Dokar indijana ta ba kwamandan ikon kulle mutum kwana 15 ba alƙali ba shaida, da sunan zaman lafiya, har 1946 da aka soke ta. Zaman lafiyar wa? Ta mai karɓar lanho.

Kada ku ce zancen da ne. A Fabrairun 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Difa, aka kafa dokar ta-ɓaci. Kisan gaskiya ne, babu mai hankalin da zai musa. To amma sai aka hana hawan moto, aka hana cinikin kifin tafkin Cadi da na tattasai, wai da kuɗinsu maharan suke sayen makamai. Ɗan kabu-kabu ya wayi gari ba sana'a, masunci ya rataye koma, tattasai ya yi ta jibge a gida. Wa ya zauna da su ya ji ta bakinsu? Saurayin da aka raba da abincinsa, ina ake tsammani zai nufa?

A shekarar nan dai aka yi doka mai lamba 2015-36 a kan safarar baƙin haure. Direbobin Agadas suka sha ɗauri, aka ƙwace motocinsu, matafiya suka koma bin hanyoyin hamada da ba rijiya. Tsoron na Turai ne, wuyar ta faɗa kan Agadas, har Nuwamban 2023 da aka soke dokar.

Malaman ma ba mu ƙyale su ba. Yawancinsu a Turai suke zaune, da Turanci suke rubutu, misalansu na can ne, sai ka ce ba a taɓa ƙona gari a Afirka da sunan tsaro ba. Mohammed Ayoob ya nuna tun 1995 cewa haɗarin ƙasashe irin namu daga cikin gida ya fi tasowa. Sun makara, amma sun ba mu sanda, kuma ba a ƙin sanda don baƙo ne ya sassaƙa ta.

Sakatarorin rassa, ku karanta wannan takarda ranar kasuwa. Duk jami'in da ya zo muku da sabon hani da sunan tsaro, ku karɓe shi da ladabi, ku tambaye shi ranar da hanin zai ƙare, da wanda zai ciyar da masu sana'ar kafin ranar.