Ganin Alƙahira Ba Almubazzaranci Ba Ne

A Kasuwar Jalingo, fita ƙasar waje iri uku ce take da mutunci: Hajji ko Umara, sarin kaya, sai ganin likita. Wanda ya ce zai je Alƙahira don ya ga gari kawai, sai a bi shi da "Alhaji, kuɗi ne suka yi maka yawa?" ko a ce ya ɗauko ɗabi'ar Turawa. Ban yarda da wannan ra'ayi ba, kuma yana cutar da mu.

Dubi ɗan kasuwarmu idan ya sauka a can. Ya nufi dilolin abaya da jallabiya, ya yi ciniki, a ɗaure masa kaya, ya juyo gida. Masallacin Azhar, wanda aka aza harsashinsa a 970, yana tsallaken titi da kasuwar Khan Khalili, amma ko leƙawa ba ya yi. Alhali a Azhar ɗin an taɓa ware wa ɗaliban Barno masaukinsu na kansu. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem ke da makaranta a birnin, kuma ta nan Mansa Musa ya bi a 1324 zai tafi Makka.

Abin da ya fi damuna shi ne Imam Suyuɗi. Duk azumi muna zama a masallatan Jalingo ana karanta mana Jalalaini, tafsirin da shi ya ƙarasa. A Alƙahira ya rayu, a nan ya rasu a 1505, kuma ya taɓa rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Mutum ya shekara talatin yana sauraron littafinsa, ya taka garinsu, sannan ya ce lokacinsa ya fi ƙarfin yawo?

Za a ce rayuwa ta yi tsada. Gaskiya ne, ban ce kowa ya ci bashi ba. Ina magana ne da wanda ya riga ya biya kuɗin jirgi, yini ɗaya kawai ake roƙonsa. Masu cewa yawon buɗe ido ƙofar baɗala ce kuwa, ai mai neman baɗala ba ya jiran biza.

Kuma wannan raini bai tsaya a Masar ba. Shi ne ya sa baƙi ke tasowa daga nesa su hau tsaunin Mambilla, su shiga dajin Gashaka-Gumti, mu kuwa a cikin rumfunanmu akwai dattawan da suka yi furfura a Taraba ba su taɓa ganin Gembu ba.