Ingilishi ya zama harshen aiki: ta wace ƙofa zai shigo mana?

A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa da hukumomin Yamai suka zartar ya ɗora Hausa bisa matsayin harshen ƙasa, ya kuma jera Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. An yi ta muhawara a kan rabin farko na wannan magana, musamman a nan jihar Difa, inda Kanuri da Fulani da Tubawa da Larabawa kowa ke da ta cewa. Rabi na biyu kuwa ya wuce shiru kamar an shuka dusa, alhali shi ya fi taɓa aljihun mutanen Komadugu.

Dalili a fili yake. Daga Maine-Sorowa, Gaidam ta jihar Yobe ta fi Damagaram kusa nesa ba kusa ba, haka nan Damasak ga mutumin Difa. Tattasanmu da kifinmu da dabbobinmu kudu suke nufa, naira kuma ba baƙuwa ba ce a kasuwanninmu. Da baki ana ciniki da Kanuri da Hausa, amma da zarar magana ta hau takarda a wancan ƙetare, ko ta kaya, ko ta banki, ko ta likita a Maiduguri, sai ta rikiɗe ta zama Ingilishi. Rufe iyaka da aka yi a 2019, da wanda ya biyo baya a 2023, sun gurgunta fatauci, amma ba su canza harshen takardun maƙwabci ba. Ga kuma ƙungiyoyin agaji da suka cika jihar bayan hare-haren Boso da Difa na watan Fabrairun 2015, waɗanda da yawa cikinsu ke fifita mai jin Ingilishi wajen ɗaukar aiki.

To, mu auna shirinmu da ƙaramin ma'auni. A samo mai takardar brebe, wanda ya shekara huɗu yana Ingilishi a kwalej, a ce ya rubuta cewa ƴan buhuna sun iso. Sau da yawa "a few bag" zai rubuta, alhali daidai shi ne "a few bags". Harafi guda ne ya faɗi. Wani zai ce wannan ai gardamar malamai ce, tunda ba a taɓa rasa buhu don rashin "s" ba. Gaskiya ne. Sai dai wannan harafi yana tona asirin hanyar da muke bi wajen koyarwa, kuma asirin ba ƙarami ba ne.

Yaron nan harsuna biyu suka yi masa tarko. In ya ƙirga da Hausa, tilo yake amfani da shi: buhu biyu, akuya uku, kwana goma, ba wanda ya ce ya yi kure. In ya juya ga Faransanci, ana rubuta "s" a "quelques sacs" amma ba a furta shi, har kunnensa ya saba cewa harafin ƙarshe ado ne na allo. Sai Ingilishi ya zo da ƙa'idar da ba ta da sassauci: duk abin da ake ƙirgawa, in ya haura ɗaya, jam'i yake ɗauka, a rubuce da kuma a baki. "Two bags", "several trucks", "a couple of days". Ko awa ɗaya da rabi ma "one and a half hours" ce. Sannan ga ɗan "a" ɗin nan na gaban "few" da ke ƙara rikita shi, don an koya masa tun ajin farko cewa "a" na tafiya da abu guda.

Abin takaici shi ne, mabuɗin yana cikin bakin yaron tun daga gida. Bahaushe ba ya cewa "ƴan kwana sun wuce" in yana nufin ranaku kaɗan, cewa yake ƴan kwanaki. Ƴan buhuna, ƴan awaki, ƴan mutane: bayan "ƴan" jam'i ke zuwa dole. In kuwa abin ba na ƙirge ba ne, sai ya ce ɗan ruwa, ɗan gishiri, ƴar shinkafa. Wannan shi ne ainihin bambancin "a few" da "a little". "A few goats", ƴan awaki. "A little salt", ɗan gishiri. Darasin da ke cinye makonni ana zagaye ta Faransanci, minti goma ya ishe shi in an bi ta Hausa. Faransanci ma cikas yake kawowa a nan, don "peu de" guda yake amfani da shi ga ruwa da buhuna baki ɗaya.

Kada fatake su ɗauka babu ruwansu. Cire "a" daga "a few" na juya ma'ana. Wakilinka ya rubuto "a few buyers came", yana nufin an ɗan sami masu saye, alhamdu lillahi. In ya rubuto "few buyers came", nufinsa kasuwa ta yi sanyi, kusan ba kowa. Wanda bai san wannan ba yana iya loda mota ya aika da tattasai inda ba a nema. Haka "little money" da "a little money": na farko kukan babu ne, na biyu akwai ɗan abin taɓawa.

Akwai kuma wuraren da mai kishin "s" ke wuce gona da iri, kuma da gangan ko da tsautsayi, kayan kasuwarmu ne suka fi faɗawa ciki. Tumaki "sheep" ne, ko guda ko garke. Kifi a ciniki "fish" ne. Shanu "cattle", jam'i ne da ba ya neman ƙari. Buhu ɗari uku "three hundred bags" ne, "s" na kan buhu, ba kan ɗari ba. Buhu mai kilo hamsin "a fifty-kilo bag". Naira kuwa ba ta ɗaukar "s" ko miliyan ce. Ma'aikatan ofis su ma suna da nasu ramin, wanda Faransanci ya haƙa musu: "informations" da "conseils" daidai ne can, amma Ingilishi ba ya ƙirga "information" da "advice", sai a ce "a little information" ko "some advice". A nan kam Hausa ba ta ceto, don mu ma bayanai da shawarwari muke cewa. Sai hadda.

Masu adawa za su ce a jihar da Hausa ba harshen uwa ba ne ga mafi yawa, wannan shawara son kai ce. Ƙorafin yana da tushe, musamman a ƙasar Manga. Amsa ita ce a yi wa Kanuri da Fulatanci da Tubanci irin wannan kwatance, kowane da masanansa, maimakon a hana kowa don gudun fifita wani. Ƙasar nan ta soma gwajin koyarwa da harsunan gida tun 1973, dokar ilimi ta 1998 ta ba su gurbi, ta 2001 kuma ta lissafa harsuna goma na ƙasa. Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ɗan littafi mai shafi hamsin a hannun mushen Ingilishi na kwalej ɗin Maine, wanda ke nuna masa inda harshen ɗalibansa ya dace da Ingilishi da inda suka saɓa.

Wannan aiki bai fi ƙarfin ma'aikatar ilimi da cibiyar INDRAP da Jami'ar Abdou Moumouni ba, ga kuma Jami'ar Difa da aka kafa a 2014 tana kusa da masu harsunan. Kafin su motsa, ƙungiyoyin ƴan kasuwa na Maine da Difa na iya haɗa kuɗin malami guda su buɗe ajin dare bayan isha'i, sau biyu a mako, ga yaran shago da ƴan kamasho da ma'aikatan duwan masu so. Littafin karatu ba sai an yi odarsa daga waje ba: tsofaffin rasit da takardun kaya na Gaidam da Maiduguri suna nan jibge a kowane shago.