Zuwa ga Sarakunan Baka na Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

 

Dokar makamai ta 1959 ta ɗora alhakin adana bindiga a wuyan mai ita. In ta ɓace ko an sace, dole ya kai rahoto. Wanda bai kai shekara 17 ba, ba a ba shi lasisi.

Abin da ya fi damuna gida ne. Maharbi ya dawo daga daji, ya jingine bindigar toka a ɗure a bayan ƙyaure, yara suna guje-guje a tsakar gida. Don Allah ku tara mutanenku, maganarku suke ji. A sauke ɗuri kafin a shigo gari, a kulle bindiga, albarushi kuma a akwatinsa daban, nesa da murhu. Ko da wasa kada a auna mutum da ita.

Wassalam.