Ɗan Robar Ben 10 Da Gwajin Laka



Wani ɗan ƙaramin abu ne ya ja mu muhawara kwanan nan. Ɗaya daga cikinmu ya sayo wa ɗan ƙanwarsa mutum-mutumin roba a kasuwar Batsari, wajen masu baza kayan wasan yara a kan buhu. Kafin ya wuce da shi Safana sai ya biyo ta majalisarmu, muka ajiye shi a tsakiyar tabarma muna jujjuyawa. Ben 10 ne, yaron nan na katun ɗin Amurka da Cartoon Network ta fara nunawa a ƙarshen 2005, wanda ya tsinci agogon da ke rikiɗa shi zuwa halittu goma na wasu duniyoyi.

A ƙasashen da ake tara irin waɗannan kaya, kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi, abu huɗu aka fi dubawa: kama da mai siffar, kyan fenti, motsin gaɓoɓi, da kwalin da ya zo a ciki, don wanda ba a taɓa buɗewa ba ya fi daraja. Muka auna namu da wannan mudu. Ido ɗaya ya fi ɗaya girma. Koren fentin rigar ya zarce har wuya. Hannu na juyawa, amma gwiwa ƙiƙam. Kwali kuwa babu, a leda ya zo. Na asali kamfanin Bandai ne ya fara yin su, daga baya Playmates ya karɓa, shi kuwa wannan ko sunan kamfani babu a jikinsa. A taƙaice, jabu ne, kuma ya faɗi jarrabawa.

Muna cikin yi masa dariya sai ga wani yaro mai tallar gyaɗa, bai fi shekara takwas ba. Tun daga nesa ya ce, "Kai, Ben Ten!" Ya sauke farantinsa ya shiga yi mana bayani: idan ya danna agogon ya zama dodo, idan agogon ya yi ja ƙarfin ya ƙare, wani lokaci ma yakan ba shi halittar da ba ita ya nema ba. Nan dariya ta tsaya. Abin da muka ce ya faɗi, ashe ya ci jarrabawar da ta fi tamu wuya.

Ra'ayinmu shi ne, darajar wannan roba ba daga masana'anta ta fito ba, daga alƙalami ta fito. Waɗanda suka ƙago Ben sun ba shi abu uku. Sun ba shi alamar da ake gane shi da ita daga nesa, wato koren launi da lamba 10. Sun ba shi abu ɗaya a hannu wanda labarin duka ke juyawa a kansa, agogon Omnitrix. Sannan sun sa wa ƙarfinsa iyaka, shi ya sa mai kallo ke fargaba a kansa. Tauraron da aka gina haka, ko an lalata masa fuska a wajen ƙera, ba ya ɓacewa.

Masu sana'ar sun daɗe da sanin nauyin kalma. A 1964, da kamfanin Hasbro zai fito da G.I. Joe, ya san yara maza ba za su yarda a gan su da 'yar tsana ba. Sai ya laƙaba masa wani sabon suna da Turanci, mai nufin mutum-mutumin jarumta. Roba dai ita ce robar, suna ne ya buɗe kasuwa.

To mu dawo gida. Mu ɗauko taurarin da muke cika labaranmu da su: fara, doguwa, mai dara-daran idanu, gashi har gadon baya, shi kuma ɗan hamshaƙin mai kuɗi, miskili, ba ya son raini. Ga gwajin da muke ba da shawara, mun sa masa suna gwajin laka. Ka samu yaron ƙauye irin waɗanda ke ƙera shanu da dawaki da laka a bakin tafki, ko mota da karan dawa, ka karanta masa babinka na farko, ka ce ya gina maka tauraronka. Idan ya gina, abokinsa ya gane ko wane ne ba tare da an faɗa masa ba, ka yi rubutu. Idan ya tsaya yana sosa ƙeya, to suna kawai ka raɗa, ba ka halicci kowa a takarda ba. Gizo zai ci wannan gwaji. Dodo ma haka.

Kada wani ya ce labarin kimiyya ba namu ba ne. Tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro ya yi tafiya zuwa sararin samaniya. Yau yaranmu nawa suka san shi? Kwatanta da wannan: a 2013 BBC ta sanar da cewa an gano kashi tara na shirin Doctor Who da suka ɓace, na shekarun 1967 da 1968, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Shekara da shekaru masoya shirin suna cigiyarsu. Labarin da ya kama zuciya, ana bin sawunsa har inda ya ɓuya.

Mun san za a ce ba mu da masana'anta, ba mu da jari. Gaskiya ne. Amma ɗan robar nan bai zo ba sai da labari ya riga shi, kuma labari shi ne ɓangaren da ke hannunmu. Wasu kuma za su kawo batun hukuncin sassaƙa. Wannan fagen malamai ne, a tambaye su. Mu maganarmu a kan siffar da ke tsayawa a zuciyar mai karatu take.

Abin da ya sa muka ɗauki zancen da zafi, duk wanda ya san Batsari da Safana ya san abin da makwabtaka da Dajin Rugu ta jawo wa mutanenmu a shekarun nan. Mun sha ganin yara sun rabu gida biyu suna wasan sojoji da ɓarayin daji, kowa da bindigar kara. Yaro yana kwaikwayon wanda ya ga ya fi kowa ƙarfi ne. Idan ba mu ba shi gwarzo ba, daji zai ba shi. Ga shi kuma ƙasar ba ta rasa abin rubutawa ba. Har yanzu dattawa na ba da labarin Ɗanwaire na Ruma. Akwai manomin da ya koma gonarsa, akwai malamar da ta ci gaba da koyarwa, akwai yarinyar da za ta iya haɗa fitila da mataccen batir.

Saboda haka aikinmu na wannan mako: kowa ya ƙago tauraro ɗaya na yara, ɗan ƙasar nan, cikin layi goma. A ba shi alama ɗaya, abu ɗaya a hannu, da rauni ɗaya. Kada a ce kyakkyawa ne, kada a ce jarumi ne, a bari mu gani da kanmu. Wanda ya samu hali ya kai wa wani yaro ya gwada da laka, ya zo ya ba mu labarin abin da ya fito.

Shi kuwa ɗan robar, an kai wa mai shi. Mun ji hannu ɗaya ya cire tun kwana na biyu, an ɗaure da zare, kuma har yanzu da shi yake kwana.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya yi wa alƙalumanmu albarka.