Kafin ka sayi gona, tambayi ƙasa



A cikin rangadin da nake yi na duba makarantun yaƙi da jahilci, ƙauye bayan ƙauye, babu maganar da ta fi yawa a bakin mutane kamar cinikin gona. A zamanin kakanninmu gona ba hajar kasuwa ba ce. Gadonta ake yi, ko a yi aro, ko mutum ya roƙi maigari ya nuna masa daji ya sassabe. Yau daji ya ƙare a kudancin Maraɗi da Damagaram. Gonar da uba ya noma shi kaɗai, ɗiyansa shida ke raba ta. Ga ɗan kasuwa, ga ma'aikaci, ga wanda ya komo daga bida, kowa na neman wurin saye. Saye ba laifi ba ne. Abin da ke damuna shi ne yawancin masu saye faɗin fili suke dubawa da kusancinsa da hanyar mota, ba su duba ƙasar kanta.

Wani abokin aikina ya tara albashinsa shekara da shekaru, ya sayi eka uku a tsakiyar rani. Wuri ne shimfiɗaɗɗe, babu ko kututture, ya yi murna ba sai ya yi sassabe ba. Da ruwan farko ya sauka, sai ya ga ruwa na gudu bisa gonar kamar an zuba shi bisa siminti. Ashe faƙo ya saya. Ya yi shuka har sau biyu, da kaka bai ɗaure dami ashirin ba. Tsofaffin garin duk sun san halin wurin, amma bai tambayi kowa ba. Matambayi ba ya ɓata.

Kowace ƙasa da halinta

Jigawa ita ce ƙasar rairayi, ita ta fi yawa a Maraɗi da Damagaram. Tana da sauƙin noma da haiwa, tana shanye ruwa nan da nan, hatsi da wake da gujiya da aya suna sonta. A shekarar ƙarancin ruwa ita ke rufa asiri, domin ruwa kaɗan ya ishi shuka ta tsira. Aibinta ba ta da ƙarfi. Abincin shuka kaɗan ne cikinta, iska na kwashe ta, kuma in an noma ta shekara da shekaru ba hutu ba taki, sai ta gaji.

Geza ta fi jigawa tauri da ƙarfi. Dawa na yi a cikinta, amma tana son ruwa da yawa kafin ta jiƙa, tana kuma son kalme ko garmar shanu. In damana ta yi gardama, mai geza ya kan riga mai jigawa kuka.

Fadama ƙasar laka ce, irin ta Gulbin Maraɗi da kwarin Majiya da koramun Matamaye da Magarya. Ita ta fi tsada, domin ruwa na kusa, ana noman rani: albasa kamar ta Galmi, rake, rogo, dankali, tumatir. Amma fadama ma tana da nata ciwo. Wata ambaliya ke cinye ta cikin watan Agusta, wata rairayi ke binne ta, wata kuma kanwa ta hau ta. In ka ga fari-fari bisa ƙasa da rani, ka ɗanɗana ka ji gishiri, to ka riƙe kuɗinka.

Faƙo kuwa shi ne ƙasar da ta daskare, ruwa ba ya shiga, ciyawa ba ta fita. Ya yi yawa bisa tuddan Adar, a jahar Tawa.

Sai a haɗa da maganar ruwan sama. Wajen Madarunfa da Magarya a kan samu milimita 500 zuwa 600 a shekara, amma wajen Dakwaro da Tanut bai cika wuce 300 zuwa 350 ba. Jigawar kudu da jigawar arewa sunansu ɗaya, amfaninsu ba ɗaya ba. Eka biyar a arewa ba lalle ta ba ka abin da eka biyu ke bayarwa a kudu ba. Arha ba ta ado.

Taki kaɗai bai isa ba

Wasu su kan ce mini: “Malam, ai ƙasa ƙasa ce, mai kuɗin takin zamani shi ke noma.” Akwai gaskiya kaɗan a nan. Masu binciken noma na INRAN da na ICRISAT a Sadore sun nuna cewa abin da jigawarmu ta fi rasawa shi ne sinadarin fosfor, kuma giram 6 na takin 15-15-15, kimanin cikin murfin kwalbar lemo, in an sa shi a kowane ramin shuka, yana ƙara amfani ƙwarai. Amma takin zamani ba ya buɗe faƙo, ba ya kashe kanwa, ba ya hana iska kwashe rairayi. Jigawar da ba ta da takin dabbobi ba ta riƙe shi, ruwa ke wanke shi ya wuce ƙasa da saiwa. Takin zamani magani ne, kuma likita ba ya ba da magani sai ya san ciwo.

Kada kuma a ɗauka ina cewa mugun wuri ba ya sayuwa. A 1989 wasu manoman Illela sun je Yatenga, a Burkina Faso, suka ga yadda ake gina ƙananan ramu bisa faƙo, a zuba taki, ruwa ya taru a ciki. Suka komo suka gyara tassa tasu. Cikin ƴan shekaru, wajen Illela da Badagishiri, faƙon da aka yasar ya zama abin saye da sayarwa. A Keita ma, tun 1984, jerin duwatsu da ramu da dashen itace sun raya tudda masu yawa. Bambancinsu da abokina shi ne sun san faƙo suke saye, sun biya kuɗin faƙo, sun kuma shirya ma aikin rani na tassa da rabin wata. Shi kuwa ya biya kuɗin gona mai rai.

Abin da mai saye ya kamata ya yi

Na ɗaya, ka ga gonar da damana, ko da kaka kafin a kwashe kara. Kaurin kara ba ya ƙarya.

Na biyu, ka dubi abin da ya tsira da kansa. Gamba da kalgo da sabara alamar rai ne. Ƙuduji, wanda wasu ke kira gaugai, in ya yi yawa ƙasa ta gaji, kuma irinsa na daɗewa cikin ƙasa shekaru da yawa. Gawo kuwa dukiya ne: yana zubar da ganye da damana, ba ya yi ma hatsi inuwa, ƙarƙashinsa ya fi ko'ina amfani. Mutanen Matamaye da Mirya da Magarya shaida ne. Ko kututture mai toho kada ka raina shi, shi ne tushen sassaben zamani da aka fara yaɗawa a Maraɗi wajen 1984.

Na uku, ka gina rami kamu ɗaya a wuri uku ko huɗu. Ka ga ko akwai dutse ko tsakuwa kusa. Ka zuba ruwa ka ga yadda yake shiga. Ka jiƙa ƙasar ka murza: in ta watse rairayi ne, in ta mulmulu laka ce.

Na huɗu, ka tambayi maƙwabtan gona dami nawa ake ɗaurewa a shekara mai kyau, nawa a mummuna, kuma ina ruwa ke bi. Ka nemi shawarar malamin gona.

Na biyar, ka bincika asalinta. Gado ce? To, magada duka sun yarda, har da mata, domin su ma suna da rabonsu? Ba jingina ba ce a hannun mai sayarwa? Ba ta ci burtali ko makiyaya ko mashaya ba? Dokar 1961 ta sa iyakar noma daga arewa, kuma dokar kiwo ta 2010 ta ƙara tabbatar da ita. Abin da ya faru a Toda a 1991, inda aka yi asarar rayuka masu yawa, ya isa ya tuna mana cewa rikicin gona da kiwo ba wasa ba ne.

Na shida, takarda. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda muke kira Kofo, kuma akwai su a matakin ƙauye da na karamar hukuma da na gunduma. A auna gona, a kafa iyaka gaban maigari da shaidu, a rubuta takardar saye. Shaida na mutuwa, takarda na nan. Kada ka dangwala yatsa bisa abin da ba ka karanta ba. In ba ka iya karatu ba tukuna, nemi wanda ka amince da shi ya karanta maka, kai kuma ka zo makaranta.

Ga mai sayarwa

Maganata ta ƙarshe gare ka take, kai mai gona. Na san ba don daɗi ake sayar da gado ba. Rumbu ya kan ƙare a watan Yuli, ga rashin lafiya, ga auren ɗiya. Amma lokacin da ka fi matsuwa shi ne lokacin da za a saye ta da arha. Kuɗin zai ƙare kafin wata damana, ka koma ɗan barema a gonar ubanka. Ka fara gwada haya ko jingina da takarda, ko bankin cimaka, ko sayar da dabba. Akuya na haihuwa a mayar da ita, gona ba ta haihuwa. In kuwa sayarwa ta zama dole, kai ma ka san darajar ƙasarka, ka ƙirga gawon da ke ciki kafin ka faɗi kuɗi.

Malamai, ina roƙonku ku karanta wannan tare da ɗalibai, kowa ya faɗi irin ƙasar gonarsa da abin da take so.

Allah ya ba mu damana mai albarka da zaman lafiya. Amin.