Hasumiyar Agadas: mai hawa ya tuna da mai yaɓe

Duk baƙon da ya doshi Agadas, hasumiyar babban masallaci ce ke fara yi masa maraba tun daga nesa. Tsawonta mita 27 ne. An gina ta wajen shekarar 1515, aka sabunta ginin a 1844. A shekarar 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin kayan gadon duniya.

Hawanta sai mai haƙuri. Matakalar ciki ƙunci gare ta, ga duhu, kuma tana ƙara tsukewa har sai mutum ya duƙa. Amma wanda ya daure ya kai ƙololuwa zai ga fadar Sarkin Abzin dab da masallaci, da unguwannin tsohon gari ja wur, da hamada shimfiɗe har iyakar ganinsa. A nan zai gane dalilin da ya sa ta zama wurin kiran salla, da wurin hangen abokan gaba, da alamar isowa ga ayarin raƙuma.

Sai dai yawancin masu hawa, daga ɗaukar hoto sai sauka. Kaɗan ne ke tambayar amfanin itatuwan nan da suka fito daga jikin ginin. Ba don ado kaɗai aka kafa su ba: su ne matakan da magina ke takawa in za su sabunta yaɓe. Ginin laka ba ya rayuwa sai da hannun mutane, domin kowace damina tana cin rabonta. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ya haura shekara 150. Wannan ya isa gargaɗi.

Waɗansu na cewa zamanin ƴan yawon buɗe ido ya wuce. Gaskiya ne, tawayen shekarun 1990 da na 2007, da sace baƙi da aka yi a Arlit a 2010, sun rage masu zuwa ƙwarai. Amma ba don Turawa aka gina hasumiyar ba, kuma ba tafiyarsu za ta sa a bar ta ga ruwa da iska ba. Waɗansu kuma na ganin a shafe ta da siminti a huta. Wannan kuskure ne babba, domin siminti yana tsare danshi cikin laka, ginin ya riƙa ruɓewa daga ciki ba a sani ba.

Saboda haka ya wajaba ɗan ƙasa ya zama baƙon farko. Ma'aikacin gwamnati da aiki ya kai shi Agadas, da malamin lakwal da ɗalibansa, da ɗan kasuwa mai wucewa, kowa ya nemi izinin masu kula da masallaci ya hau, cikin ladabin da ya dace da ɗakin Allah, sa'an nan ya ba da gudummawar yaɓe gwargwadon ƙarfinsa. Hukumomi kuma su tallafa wa magina su koya wa samari wannan sana'a tun dattawanta suna da rai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.