Kano zuwa Maiduguri: Ina matafiyi mai ƙaramin guzuri zai kwana?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, muhawarar tsadar tafiye-tafiye a Najeriya ta taƙaita a kan kuɗin mota. Akwai dalilin haka. Litar man da ake saya ƙasa da Naira 200 ta koma Naira 557 a Maiduguri cikin 'yan kwanaki, farashi mafi tsada a jerin da kamfanin NNPC ya fitar a lokacin, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura Naira 1,000 a faɗin ƙasar.

Amma duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Maiduguri shi kaɗai, da ɗan guzurinsa a aljihu, ya san cewa kuɗin mota rabin lissafi ne. Ɗaya rabin shi ne inda zai sa haƙarƙarinsa idan dare ya riske shi. A wannan fanni babu wani tanadi da hukuma ta yi, kuma a Arewa maso Gabas rashin wannan tanadi ya taɓa cin rayuka.

Wane ne wannan matafiyi?

Ɗalibi ne da ya samu gurbi a Jami'ar Maiduguri, ya zo rajista alhali bai san kowa a garin ba. Ɗan takarar aikin soja ko na 'yan sanda ne da aka kira tantancewa, ko yarinyar da hukumar JAMB ta tura cibiyar jarrabawa nesa da garinsu. Akwai mai jinyar da ya raka ɗan'uwansa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, da ƙaramin ɗan kasuwar da ke sarin atamfa a Kantin Kwari ya kawo Kasuwar Monday, ko ya ɗauki busasshen kifi daga kasuwar Baga Road ya nufi yamma.

Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a watan Yulin 2024 Naira 70,000 ne, wato kimanin Naira 2,300 a yini, kuma yawancin waɗannan matafiya ko wannan ba su da tabbacin samu. Ɗakin otal mafi araha a kowane babban gari yakan cinye ladan kwanaki da dama na irin wannan ma'aikaci. Saboda haka zaɓin da ya rage masa shi ne bencin tasha, ko kujerar motar da ya shigo, ko gindin rumfar mai shayi. Tsakanin otal da bencin tasha babu wani mataki.

Hanyar da rana ke mulki

Tazarar Kano da Maiduguri kusan kilomita 600 ce, ta Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu. An ba da kwangilar mayar da hanyar tagwaye tun 2006, aikin ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. Jirgin ƙasa kuwa, wanda ya iso Maiduguri a 1964 kuma fasinja ke iya kwana a cikinsa yana tafe, ya daɗe da daina zuwa. A watan Maris na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, amma har yanzu Barno ba ta ji ƙarar jirgi ba.

Sashen ƙarshe na hanyar, daga Damaturu ta Ngamdu da Benisheikh da Mainok da Jakana da Auno, shi ne rikicin Boko Haram ya mayar hanyar rana zalla. A Satumban 2013 'yan bindiga sanye da kakin soja sun tare hanya a Benisheikh suka kashe fiye da mutum 100. Matakin da jami'an tsaro suka ɗauka na rufe hanya da yamma yana da hujjarsa, sai dai ya bar tambaya guda babu amsa: wanda motarsa ta lalace, ko direbansa ya makara wajen lodi, ina zai nufa?

Daren 9 ga Fabrairun 2020 ne ya ba da amsar mafi muni. Matafiyan da suka iso Auno, kimanin kilomita 25 daga Maiduguri, sun tarar an rufe shingen shiga gari, suka kwanta cikin motocinsu a bakin titi. Mahara suka afka musu, suka kashe aƙalla mutum 30, suka ƙona motoci 18, suka yi awon gaba da mata da yara. Gwamna Babagana Umara Zulum ya je wurin washegari, ya nuna ɓacin ransa a bainar jama'a. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan lokacin rufe shinge da kuma inda sojoji suke a daren. Abin da bai samu kulawar da ta dace ba shi ne cewa mutanen nan sun kwana a fili ne saboda babu wani killataccen wuri da aka tanada domin wanda dare ya yanke wa tafiya.

Tsarin da muka gada

Abin mamaki shi ne, a wannan fage kakanninmu sun fi mu tsari. Fataken da ke zuwa Gwanja sarin goro suna yada zango a wurare sanannu, har kalmar zango ta zama sunan unguwannin Hausawa a Ghana da Togo da Benin. A Barno akwai fatoma, kalmar da Hausa ta aro daga Kanuri, wato mai masaukin da ke karɓar baƙon ɗan kasuwa, ya ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya tsaya masa a ciniki, sannan ya ɗauki la'adarsa. Masanin nan Abner Cohen ya yi bayanin irin wannan tsari na masu gida a unguwar Sabo ta Ibadan a binciken da ya wallafa a 1969. Alhazan ƙasa da suka ratsa Barno zuwa Chadi da Sudan su ma da irin waɗannan masaukai suka dogara.

Wanda ba fatake ba kuma yana da zauren mai unguwa ko na malami, yana da harabar masallaci. Hausawa na cewa baƙonka annabinka, kuma shari'a ta sanya matafiyin da guzurinsa ya yanke cikin rukunai takwas na masu cin zakka. Muhimmin abu a tsarin shi ne, baƙo yana da wanda ya san da zuwansa, kuma gari yana da wanda zai tambaya idan baƙon ya yi ba daidai ba.

Rikicin da ya ɓarke a 2009 ya sare wannan amana daga tushe. Bama-baman da suka tashi a tashar Sabon Gari ta Kano a 2013, da Nyanya a 2014, da tashoshin Damaturu da Potiskum a 2015, sun sa baƙo mai jaka ya zama abin tsoro. Masallatai da yawa suka koma rufe ƙofa bayan sallar isha'i. Magidancin da a da zai shimfiɗa wa baƙo tabarma a zaure ya fara tunanin tambayoyin da jami'an tsaro za su yi masa. Ga shi kuma gidajen Maiduguri sun cika da dangin da suka gudo daga ƙananan hukumomi, sannan ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 ta ƙara raba dubban iyalai da muhallansu. Wanda ke neman inda zai kwantar da 'ya'yansa ba a sa ran ya sauki baƙo.

Yadda wasu suka cike giɓin

Wasu ƙasashe sun daɗe da mayar da kwanan matafiyi mai ƙaramin ƙarfi wani ɓangare na harkar sufuri. Wani malamin makaranta a Jamus, Richard Schirrmann, shi ya fito da tunanin masaukin haɗaka na matasa a 1909, kuma zuwa 1932 an kafa ƙungiyar irin waɗannan masaukai ta duniya a Amsterdam. Dabarar mai sauƙi ce: gado ake biya maimakon ɗaki, ana tarayya a banɗaki da madafa, kowa yana da akwatin kulle kayansa. A Indiya hukumar jiragen ƙasa tana da ɗakunan kwana na haɗaka a manyan tashoshi, inda mai tikiti ke kama gado na wasu awanni a farashi mai rahusa.

Ba sai an kwafo komai daga waje ba. Idan aka duba da kyau, wannan aikin fatoma ne aka sa masa rajista da rasit.

Abin da ya kamata a yi

Gwamnatin Barno ta nuna tana iya sa hannu a harkar sufuri. Tana da kamfanin Borno Express, kuma bayan cire tallafi ta fito da motocin haya masu rahusa a cikin gari, ciki har da masu amfani da lantarki. Mataki na gaba shi ne gina masaukan haɗaka a cikin manyan tashoshi, kamar tashar Borno Express da Tashar Kano, sannan a haɗa kai da Jihar Yobe a samar da irinsu a Damaturu da Potiskum, inda matafiyin da ya ga rana ta yi sanyi zai iya tsayawa ba tare da asarar kuɗi mai yawa ba. Duk wurin da ake rufe hanya da yamma ya zama yana da katangaggen fili mai tsaro, da ruwa da makewayi.

Za a ce tara baƙi a wuri guda gayyatar hari ne. Wannan fargaba ce mai tushe, amma baƙin nan a tare suke kwana tun yanzu, a fili, ba bincike ba rajista. Masaukin da ke da ƙofa guda, ana caje jaka, ana rubuta sunan mai shiga da lambar katin ɗan ƙasa, ya fi sauƙin tsarewa, kuma yana ba jami'an tsaro bayanin da bencin tasha ba zai ba su ba. Dole ne dai a yi sassauci ga ɗan gudun hijirar da takardunsa suka salwanta, ta hanyar karɓar shaidar direba ko ta shugaban tasha.

Za a kuma ce wurin zai zama matattarar baɗala. Maganin wannan shi ne ɓangaren mata daban da ma'aikata mata, da iyakance kwanakin zama. Mace mai tafiya ita kaɗai ce ma ta fi kowa buƙatar wurin, domin ita ce kwanan tasha ya fi jefawa cikin haɗari.

Babbar barazana ita ce rashin kula, ciwon da ya kashe gidajen saukar baƙi na gwamnati da dama. Don haka ya fi dacewa gwamnati ta ba da fili da gini da tsaro, ta bar gudanarwa a hannun 'yan kasuwa ko ƙungiyar direbobi ta NURTW bisa yarjejeniyar da ta ƙayyade farashi da tsafta. Attajirai da cibiyoyin zakka da waƙafi kuma za su iya ɗaukar nauyin wasu gadaje domin majinyata da ɗalibai.

Gwamnatocin yankin na ƙoƙarin nuna wa duniya cewa zaman lafiya na dawowa, ana buɗe hanyoyi da kasuwanni. Ma'auni mafi gaskiya na wannan iƙirari shi ne halin da baƙon da ba shi da kowa zai samu kansa idan magariba ta yi masa a hanya. Ranar da ɗalibi zai taso daga Kano da kuɗin mota da ɗan canji, ya san inda zai kwana a Damaturu idan ya makara, ya wayi gari da jakarsa da ransa, ranar ce za a ce hanyar Maiduguri ta buɗe wa kowa.